Yadda ake haɗa kantar ajiye katako a ɗan wurin aikin kafinta na gida

Duk wanda yake ɗan taɓa aikin kafinta a gida, ko a gareji ne ko a zaure ko ƙarƙashin rumfar kwano a bayan ɗaki, ya san wannan matsalar, za ka je 'Yan Katako ka zaɓo falankinka miƙaƙƙe sambal ka biya kuɗi masu ciwo, ka kawo ka jingina da bango ko ka zube a ƙasa, bayan sati uku ka zo ɗauka ka tarar ya kantare kamar baka, wani ya murɗe, na can ƙasa kuma gara ta riga ta yi gini a kansa. Katako yanzu ba abin wasa ba ne. Shi ya sa nake ganin kafin mutum ya sayi wani sabon inji gara ya fara yi wa katakonsa wurin kwana.

Amma akwai abu ɗaya da nake so ya zauna maka a kai kafin ka ɗau zarto: nauyin katakon ƙasa ce za ta ɗauke shi, ba bango ba. Hotunan da muke gani a intanet na masu aikin katako a Amurka, inda suke ɗaure hannayen kanta a jikin bango kawai da sukuru, su bangonsu akwai ginshiƙan katako a ciki da sukurun yake kamawa. Mu namu bulo ne mai rami a ciki, inci 6 ko inci 9, kuma kowa ya san yadda ake ƙwaure siminti wajen buga bulon sayarwa. Ni na taɓa yin wannan kuskuren, na sayi ƙarafunan kanta na huda bulo na cusa robar sukuru na ɗaure, na jera falankan maɗaci a kai. Ta yi kusan wata biyu lafiya lau. Wata rana da asuba muka ji rugugi, na fito na ga robobin sun zaro da garin bulon a jikinsu, falankan sun zube daidai inda ƙaramin ɗana yake zama yana wasa da guntayen katako da yamma. Na daɗe a tsaye a wurin ban iya cewa komai ba. Da na je na gaya wa maigidana da ya koya min aiki, cewa ya yi, "Kai yaro, bulo ai ba ya riƙon amana, ka ba ƙasa kayanta." To wannan da zan kwatanta ita ce wadda na yi bayan nan.

Ka ɗan yi lissafi ka ga. Falanki ɗaya wan-bai-tuwel, wato mai kaurin inci 1 da faɗin inci 12, mai tsawon ƙafa 12, in na katako mai nauyi ne irin maɗaci ko loko, yana kai kilo 18 zuwa 20 a bushe, ɗanye kuwa ya fi haka. Guda 20 kenan sun kai nauyin buhun siminti 8. Wa zai rataya buhun siminti takwas a jikin robar sukuru?

Da farko zaɓi bangon. Kana buƙatar bango mai tsawon aƙalla ƙafa 13, tunda yawancin katakon kasuwa ƙafa 12 yake zuwa, kuma ka lura ta ina za ka dinga shigo da shi, kar ka gama aiki ka ga falanki ba ya juyuwa daga ƙofa zuwa kantar. Kar ya zama bangon da feshin ruwan damina yake duka, kar ya zama inda rana take faɗawa kai tsaye da rana tsaka, kuma ka ɗaga kai ka duba kwanon sama ko yana yoyo. In bangon bayan banɗaki ne ko yana da danshi daga ƙasa, irin wanda fenti yake ɓarewa, nemi wani.

Tsarin kantar kuwa dirkoki ne guda 5 a tsaye, kowacce tsayin ƙafa 7, tsakanin kowacce da 'yar uwarta ƙafa biyu da rabi, kaga daga ta farko zuwa ta ƙarshe ƙafa 10 kenan, falanki zai leƙo ƙafa ɗaya ta kowane gefe. Wasu za su ce dirka uku ta isa don a rage kuɗi. Ba ta isa ba wallahi, falankin inci ɗaya in ka bar masa tazarar ƙafa biyar babu abin da ya tokare shi zai yi ciki a tsakiya, kuma abin da muke gudu kenan tun farko. Kowace dirka ba katako ɗaya ba ce, uku ne a manne: tu-bai-fo, wato katako mai kaurin inci 2 da faɗin inci 4, guda biyu dogaye a gefe da gefe, ni kumatu nake ce musu, sai layin tsakiya wanda yake guntu-guntu, hannu, sai matashi, sai hannu, sai matashi, har sama. Hannun shi ne wanda yake miƙowa gaba ana ɗora katako a kai, matashin kuma guntun da yake tsaye a ƙarƙashinsa. Amfanin haka shi ne hannun yana zaune ne a kan katako, wannan katakon yana kan na ƙasansa, har nauyin ya sauka a daɓe. A can ƙasa kuma akwai wani guntu da ya fi hannayen tsawo yana kwance a ƙasa yana hana dirkar kifowa gaba, shi takalmi nake ce masa don kar ya rikice da ƙafar awo.

Kayan da za ka saya: tu-bai-fo mai ƙafa 12 guda 15 ne lissafin, amma ka sayi 17 don ba a rasa mai tsagaggen baki ko wanda zai ba ka kunya. Bol mai kaurin milimita 10 da tsawon inci 7 guda 25, kowanne da notinsa da washa biyu. Ƙusa 'yar inci 4 kamar kilo biyu, farin gam na kafintoci, maganin gara irin su Solignum ko baƙin mai in aljihu ya yi nauyi, sai dogon ƙarfe mai tiredi na ɗaurewa da bango wanda zan zo kansa. Kayan aiki kuma ba wasu masu yawa ba ne, zarto, guduma, tef, sukwaya, injin huda da bakinsa na milimita 10 dogo, sifana biyu, lebur ko tiyon ruwa irin na magina, da zare.

Wajen sayen katakon nan ka tsaya da kanka, kar ka aiki yaro. Ko Na'ibawa ka je ko Rijiyar Lemo in kana Kano, ko Panteka in kana Kaduna, ka ɗaga kowane ɗaya ka sa ido ɗaya a bakinsa ka hango tsawonsa kamar mai saita bindiga, wanda ya karkace ka ajiye musu abinsu. Ka nemi mai tauri, kar ka karɓi farin katakon nan mara nauyi da ake yin silin da shi, shi farce ma yana shiga jikinsa, bol zai cinye ramin a hankali. Wanda ka ga 'yan ƙananan huji a jikinsa gari yana zubowa, ƙwaro ne a ciki, kar ya shigo maka gida ko kyauta ne. Sannan ka sani tu-bai-fon kasuwa suna ne kawai, wani inci biyu saura, wani ya ɗara, to ka yi ƙoƙari waɗanda za su zama layin tsakiya kaurinsu ya zo ɗaya, in da hali ka biya a wuce maka da su ta injin gyaran fuska a can kasuwar. In katakon ɗanye ne sharaf, ka jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani ya sha iska ko sati biyu ne kafin ka fara.

Yanka. Ɗauki guda 10 mafiya miƙewa ka yanke ƙafa 7 daga kowanne, kumatunka kenan. Kowanne zai bar maka ragowar ƙafa 5. Ragowa bakwai ka raba kowacce uku, kusan inci 20 saura kaɗan saboda abin da zarto yake ci, za ka samu hannaye 21, ashirin kake buƙata. Ragowa ukun da suka saura ka raba kowacce biyu, takalma 6 masu kusan inci 30, biyar kake buƙata. Sai ka ɗauki wasu dogaye uku ka yanka matasai guda 20 masu inci 14, da 'yan guntaye 5 masu inci 8 na rufe sama. Biyun da suka rage a cikin 15 ɗin su ne ɗamara, wato dogayen da za su haɗe dirkokin ta baya, kar ka taɓa su tukuna.

Matasan nan su ne inda aikin yake, dan Allah ka ba su lokaci. Dole tsawonsu ya zo ɗaya cif kuma bakinsu ya yanku a sukwaya, saboda in ɗaya ya fi ɗaya da ko kwatan inci ne, hannun wannan dirkar zai fi na maƙwabciyarta tsayi, falankin da ka ɗora zai kwanta a kan tudu da kwari ya bushe a haka. Abin da nake yi, ina buga ɗan guntun katako a kan benci a matsayin tokari, in auna inci 14 daga nan in ja layi, kowane matashi in tura shi ya daki tokarin in yanka, ba sai na yi ta awo da tef sau ashirin ba. In ka gama ka tsayar da su a jere a kan daɓe mai kyau ka shafa tafin hannunka a samansu, wanda ya fito za ka ji shi. Hannaye kuma ka zaɓi waɗanda ba su da idon reshe ko tsaga kusa da inda za su shiga dirka, nan ne wurin da yake shan wahala.

Kafin haɗawa shafa maganin gara a takalma gaba ɗaya da ƙasan kumatu kamar ƙafa biyu, musamman bakin da aka yanka don ta nan yake sha sosai. In baƙin mai za ka sa, kar ya taɓa saman hannaye, zai ɓata maka katakon aiki kuma tabonsa ba ya fita, fenti ma ba ya kama wurin. Ka yi shafar a waje inda iska take, ka sa safar hannu, yara su yi nisa.

Yanzu haɗa dirka ta farko, a kwance a ƙasa ake yi. Shimfiɗa kunci ɗaya. Ɗora takalmi a ƙarshensa na ƙasa ya yi kwana irin ta sukwaya, gindin takalmin ya yi daidai da bayan kuncin, kuma a kan kaifinsa zai tsaya in an miƙar, wato faɗin inci huɗun yana kallon gefe. Shafa gam, sa ƙusa ɗaya ta riƙe. Sai matashi a bisa tsawon kuncin ya zauna daram a kan takalmin, gam, ƙusa biyu. Sai hannu, shi ma a kan kaifinsa, ka buga shi da guduma ya matsu da matashin sosai babu ko kafar da takarda za ta shiga, ka duba da sukwaya. Sai wani matashin a kansa ka matse. Haka za ka yi ta yi har hannu na huɗu, ka rufe da ɗan guntun inci 8. In katakonka ya cika inci huɗu, saman hannayen zai faɗo a wajen inci 22, 40, 58 da 76 daga ƙasa. Hannu a kwance a kan faɗinsa kar ka kuskura, ƙarfinsa bai wuce rabin na wanda yake tsaye a kan kaifi ba.

Matashin da yake saman hannu ba ado ba ne. In aka ɗora kaya, bakin hannun yana son ya yi ƙasa, gindinsa na cikin dirka yana son ya yi sama, to matashin sama shi yake danne gindin, na ƙasa yana tokare gaba. Shi ya sa nake ta nanata matsewa.

Sai ka shafa gam a saman layin tsakiyar duka, ka kifa kunci na biyu, ka bi da ƙusa 'yar inci 4 a kan kowane matashi, biyu ta wannan gefe, ka juya biyu ta wancan. In katakon mai tauri ne sosai ka fara huda ƙaramin rami kafin ƙusa don kar ya tsage. Sannan ka huda ramin bol a tsakiyar inda kowane hannu ya shiga, ya ratsa katako ukun, haka ma takalmi, ka zura bol da washa ta kowane gefe ka ɗaure har washa ta ɗan fara nutsewa, ka tsaya nan. Dirka ta farko in ta yi kyau ita ce ma'auni, sauran huɗun a kanta za ka dinga ɗora su kana gwadawa, hannu ya hau kan hannu.

Tsayarwa aikin mutum biyu ne, ka kira wani ya kama maka. Yanke ɗamara biyun nan zuwa ƙafa 11, ka yi musu alama duk bayan ƙafa biyu da rabi ka bar inci 6 a kowane ƙarshe. Ɗaya za ta bi ta bayan dirkokin a sama, ɗaya a ƙasa kamar ƙafa ɗaya daga daɓe. Da yake a baya suke, za su tura kantar ta bar bango da inci biyu, kuma haka ake so, iska tana wucewa sannan in gara ta fara jan hanyarta a bango za ka gani da wuri. Tsayar da ta farko da ta ƙarshe, ka ɗora takalmansu a kan fasassun tayil ko guntun faranti na ƙarfe don kar katako ya taɓa daɓe kai tsaye, ka gwada da lebur ko tiyon ruwa saman hannayensu na ƙasa su zo daidai. Daɓenmu da wuya ka samu wanda yake a miƙe, sai ka yi ciko da ƙarin tayil a ƙarƙashin wadda ta yi ƙasa. Daga nan ja zare daga saman hannun ta farko zuwa na ta ƙarshe, ka shigo da ukun tsakiya ɗaya bayan ɗaya, kowacce ka yi mata ciko har hannunta ya sumbaci zaren ba tare da ya ɗaga shi ba. Sai ka kafe su da ɗamara. In kana da wani siririn katako ka buga shi a karkace ta baya daga saman wannan dirka zuwa ƙasan waccan, yana hana ta rangaji gefe da gefe.

Sai ɗaurewa da bango, wanda aikinsa kawai ya hana ta kifowa. Hanyar da na fi yarda da ita, ka huda ɗamarar sama da bangon gaba ɗaya har waje a wuri uku, ka zura dogon ƙarfe mai tiredi, ta waje ka sa faffaɗan faranti na ƙarfe ko guntun katako mai tauri sannan washa da noti, kaga bulon an rungume shi ne ta gefe biyu, babu zancen zarewa. Kafin ka huda ka tabbatar babu wayar lantarki ko bututun ruwa a wurin, ka dubi inda soket yake ka kauce wa layinsa. In ginin yana da linta da ta zagaye, yawanci tana daidai saman ƙofa wajen ƙafa 7, kankare ce, bol mai buɗewa a ciki yana kama ta da kyau, sai ka daidaita ɗamarar da ita. In gidan haya ne ka nemi izinin mai gida tukuna. In kuma ginin ƙasa ne, kar ka dogara da bangon ko kaɗan, ka ƙara tsawon takalma zuwa ƙafa uku, ka rage hannun sama ɗaya, ka sa kaya mafi nauyi a kan takalman su danne ta.

Kafin ka ɗora katako mai tsada gwada ta. Ka kama kowane hannu ka saki nauyinka a hankali kana saurare, in ka ji ƙara ko ka ga ya sunkuya to akwai kafa tsakaninsa da matashi, ka buga siririn ciko na katako mai tauri da gam. A bakin kowane hannu ka kafa ɗan guntu mai tsayin inci ɗaya da rabi don kar wani abu ya zamo ya faɗo, ka kuma goge kaifin bakin da sanfefa, na inci 58 ɗin nan daidai fuskar mutum yake.

Jera kaya shi ma da ƙa'idarsa. Masu nauyi da kauri a ƙasa, marasa nauyi a sama, dogaye a ƙarƙashi gajeru a kansu. Ni ba na wuce nauyin buhun siminti huɗu a layi ɗaya na ƙasa, na can sama kuma biyu, kuma ina tura kayan su matsa jikin dirka maimakon su taru a baki. Yawancin katakon da muke saya daga dazukan kudu ake kawo shi, Edo, Ondo, Kuros Riba, inda iska take da laima, ya iso nan da ruwansa a jiki ya haɗu da busasshiyar iskar hunturu, to in ka jibga shi falanki kan falanki na sama zai bushe ta fuska ɗaya ya lanƙwashe, na tsakiya ya yi fumfuna. Sai ka yanka 'yan sanduna busassu masu kaurin kwata uku na inci, ka sa tsakanin kowane falanki da na samansa, kuma kowace sanda ta zauna daidai saman hannu, ta sama daidai kan ta ƙasa, layi ɗaya tsaye. In ka warwatsa su yadda ka ga dama da hannunka ka lanƙwasa katakon. Bakin falankan biyu kuma ka shafa musu ragowar fentin mai ko narkakken kyandir, don ta baki ruwa ya fi saurin fita shi ya sa tsaga take farawa daga nan. Ina rubuta ranar da na sayo da irin katakon da alli a gefe, wanda ya fi daɗewa shi nake fara ɗauka.

Filawud da sauran manyan allunan nan masu ƙafa 4 da ƙafa 8 ba nan ne wurinsu ba, hannun da inci 16 kawai ya leƙo daga dirka ba zai ɗauke su ba, su ko dai a kwance a kan shimfiɗa mai lebur ko a tsaye kusan cak a kan katako biyu, in ka jingina su da nisa za su yi ciki. Guntaye kuma da ba su kai ƙafa uku ba ka samu rabin duro ka zuba su a tsaye.

Bayan hunturun farko ka dawo da sifana ka bi bol ɗin nan 25 ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar sun yi sako-sako don katakon ya bushe ya tsuke, wasu har da yatsa za ka juya notin. Ka ɗaure su, ka sake jan zare a kan hannayen ka ga ko wata dirka ta zauna, in ta zauna ka ƙara mata ciko. Da damina kuma duk sati biyu ka haska fitilar waya ta bayan kantar da ƙarƙashin takalma, in ka ga siririn layin jar ƙasa yana hawa ka kankare shi nan take ka bi shi har inda ya fito ka zuba magani.